H. G. Wells: Marubucin da ya tsara yaƙin sojojin dalma don mutane su tsani yaƙin gaske

A shekarar 1913 wani fitaccen marubuci a Ingila ya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna Little Wars, wato Ƙananan Yaƙe-yaƙe. Littafin yana koya wa manya yadda za su durƙusa a tsakar ɗaki su jera 'yan sojojin dalma da aka yi wa fenti, su gwabza yaƙi da igwar wasa bisa dokoki. Sunan marubucin Herbert George Wells, kuma masu wannan wasa a yau suna kallon littafinsa a matsayin tushen sha'awarsu.

Wells ya yi imanin cewa duk wanda ya taɓa jagorantar rundunar wasa zai gane irin shirmen da ke cikin yaƙi, har ya guje shi. Shekara ɗaya kacal bayan fitowar littafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

Ɗan mai kanti da ya karye a ƙafa

An haife shi ranar 21 ga Satumba, 1866, a garin Bromley da ke kudu maso gabashin Landan, kuma shi ne autan gidansu. Mahaifinsa, Joseph Wells, yana da ɗan kantin tangaran da ba ya kawo wani abin kirki, sai dai ya haɗa da kuɗin da yake samu a wasan kurket. Mahaifiyarsa, Sarah, aikatau ta yi a gidan masu hali kafin ta yi aure.

A 1874 ya karye a ƙafa, ya yi makonni a kwance. Littattafan da mahaifinsa yake aro masa a lokacin jinyar su suka sa masa son karatu. Ya ba da labari daga baya cewa yana yaro yakan zaga titunan Bromley yana kitsa yaƙe-yaƙe a zuciyarsa, shi ne janar, kuma kullum shi ke cin nasara.

A 1877 mahaifin ma ya karye a cinya, wasan kurket ya ƙare, talauci ya shigo gidan gadan-gadan. Uwar ta koma aiki a wani babban gida mai suna Uppark, shi kuma aka kai shi koyon sana'a a kantin yadi a Southsea daga 1881 zuwa 1883. Yakan yi kusan awa 13 a tsaye kowace rana, ya kwana a ɗaki ɗaya da sauran yaran kanti. Bai taɓa manta wuyar wannan zama ba.

Karatu ne ya fitar da shi. A 1884 ya samu tallafin karatu a wata kwalejin kimiyya a Landan, inda ya koyi ilimin halittu a hannun shahararren masani Thomas Henry Huxley. Ya yi koyarwa, ya yi fama da ciwon ƙoda da na huhu, sannan ya samu digiri daga Jami'ar Landan a 1890. Da rashin lafiya ya hana shi tsayuwa a aji sai ya rungumi alƙalami.

Littattafan da suka fito da shi

Cikin shekara huɗu ya fitar da littattafai huɗu da har yau ake karantawa ana kuma yin fim da su: The Time Machine a 1895, The Island of Doctor Moreau a 1896, The Invisible Man a 1897, da The War of the Worlds a 1898.

Na ƙarshen labari ne na wasu halittu daga duniyar Mars da suka sauka a Ingila da makaman da babu mai iya tarar su. Wells ya so Turawa su ɗanɗana, ko da a takarda ne, abin da suke yi wa wasu al'ummomi, har ya kawo misalin yadda aka kusan ƙarar da mutanen asali na tsibirin Tasmaniya. A 1897, shekarar da aka fara buga labarin kashi-kashi a mujalla, sojojin kamfanin Royal Niger suka ci Bida da Ilori da igwa da bindiga mai sarrafa kanta.

A ƙarshen Janairun 1903 kuma Kanar Morland ya tashi daga Zariya da ɗaruruwan sojoji, ya ratsa arewacin ƙasar Zazzau, ya fasa Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. A ƙarshen wannan shekarar Wells ya buga wani gajeren labari da ya siffanta motocin yaƙi masu sulken ƙarfe, shekara 13 kafin tankar yaƙi ta farko ta shiga fagen fama a 1916.

Yadda wasan ya samo asali

Kafin zamanin Wells, sojoji ne suka san yaƙin kan tebur. Wani hafsan ƙasar Furushiya mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunarsu irin wannan atisaye a 1824, da taswira da 'yan gutsattsarin ƙarfe. Bayan Furushiya ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka kwaikaya. Sai dai dokokinsa suna da tsauri, ga lissafi mai yawa.

Su kuwa sojojin dalma, Jamus ce ta riƙe kasuwarsu har zuwa 1893, lokacin da kamfanin William Britain na Landan ya gano dabarar zubi mai rami a ciki. Ana zuba narkakkiyar dalma a cikin mazubi, a tsiyaye ta tsakiyar kafin ta daskare, sai a samu soja mara nauyi kuma mai araha. Tsayin kowanne milimita 54 ne, kuma da hannu ake yi masa fenti da launin kakin rundunarsa.

Wells yana zaune a Sandgate da ke bakin teku lokacin da abokinsa marubuci Jerome K. Jerome ya kawo masa ziyara. Bayan sun ci abinci, baƙon ya ga sojojin yaran gidan a jere da wata igwar wasa mai sifirin da ke harba ɗan guntun katako, sai ya zauna ya fara kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan gasa ta tashi, daga gasa kuma aka shiga neman dokoki.

Dokokin da Wells ya tsara masu sauƙi ne. Sojan ƙasa yana tafiyar ƙafa ɗaya a kowane zagaye, mahayin doki ƙafa biyu, kuma da zare ake aunawa. Igwa ba ta aiki sai da sojoji aƙalla huɗu a kusa da ita, kuma harbi huɗu ne iyakarta a zagaye. Ana rataya labule a tsakiyar ɗaki don kada wani ya ga yadda abokin gabarsa ya jera mayaƙa. Ana kuma duba agogo, domin kwamandan da ya tsaya jinkiri lokacinsa zai ƙare ya bar mutanensa a fili. Idan runduna biyu masu yawa ɗaya suka yi gaba da gaba, duka ake kwashe su a matsayin matattu.

Filin dagar ma haɗa shi ake yi: tuddai da alluna, gidaje da guntayen katako, itatuwa da rassan shuke-shuke, kogi kuma da alli. Ya fara bayyana irin wannan wasa da 'ya'yansa biyu a littafin Floor Games na 1911.

A ƙarshen Little Wars ya bayyana manufarsa ƙarara. A yaƙin tsakar ɗaki babu gawa, babu rushe gidaje, babu ƙone gonaki, kuma ya ba da shawarar a tara masu kururuwar yaƙi a babban zaure ɗaya a ba su sojojin dalma su huce a kansu. Wani hafsa da ya tattauna da shi kan yadda za a gyara wasan don horar da sojoji shi ne Kanar Mark Sykes, wanda a 1916 ya ƙulla yarjejeniyar Sykes da Picot ta raba ƙasashen Larabawa tsakanin Birtaniya da Faransa.

Da yaƙin gaske ya zo

A 1914 Wells ya goyi bayan ƙasarsa, ya ma buga littafi yana cewa wannan yaƙin ne zai kawo ƙarshen yaƙe-yaƙe. A 1918 ya yi aiki na ɗan lokaci a ofishin farfagandar gwamnati. Miliyoyin mutane suka mutu, wutar kuma ta iso har nan: an kwashi sojojin Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, zuwa Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan Gabashin Afirka.

Abin ya dame shi ƙwarai, sai ya koma wa'azin cewa duniya ta haɗu ƙarƙashin tsari ɗaya. Littafinsa na tarihin ɗan Adam, The Outline of History na 1920, an sayar da kwafi sama da miliyan biyu. Ya gana da Lenin a 1920, ya gana da Roosevelt da Stalin a 1934. 'Yan Nazi sun ƙone littattafansa a 1933.

Yana da nasa tabon. Ya rabu da matarsa ta farko ya auri ɗalibarsa Amy Catherine Robbins a 1895, ya kuma yi ta neman mata a waje har ya haifi 'ya'ya. A littafinsa Anticipations na 1901 ya yi maganganu na ƙasƙanci kan wasu jinsunan mutane, waɗanda har yau ake sukarsa a kansu. A gefe guda, shi mai ciwon suga ne, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu wannan ciwo a Birtaniya a 1934. Littafinsa na 1940 kan haƙƙin ɗan Adam yana cikin rubuce-rubucen da suka share fagen sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948.

Ya ƙi barin gidansa na Landan lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin da ya kai samarin Arewa har Bama. Tun a 1914 ya siffanta bam ɗin nukiliya a wani labari, wanda masanin kimiyya Leo Szilard ya karanta a 1932 kafin ya gano hanyar da ta kai ga ƙera makamin. Wells ya rayu har aka jefa shi a Hiroshima. Ya rasu ranar 13 ga Agusta, 1946, yana da shekara 79, bayan littafinsa na ƙarshe ya nuna ya kusan yanke ƙauna da ɗan Adam.

Abin da ya bari

Wasan bai mutu ba. Donald Featherstone ya farfaɗo da shi da littafin War Games a 1962, kuma daga wannan jijiya wasanni irin su Warhammer na 1983 suka fito. An daina harba katako, yanzu ɗan lido da tef ɗin awo ke yanke hukunci, domin babu mai son a kankare fentin da ya ɓata kwanaki a kansa.

Sojojin yau na roba ne ko farin ƙarfe, akasari masu tsayin milimita 15 ko 28. Mai fenti yakan kankare layin zubi, ya shafa fentin shimfiɗa, ya bi da launin kaki, ya zuba tsinkakken fenti mai duhu ya kwanta a lunguna, sannan ya haskaka wuraren da suka ɗago. Daga nan ya manna sojan a kan ɗan faifai, ya shafa gam, ya barbaɗa yashi da ciyawar roba daidai da ƙasar da aka yi yaƙin. Faɗin faifan doka ce, domin shi ke nuna filin da runduna ta mamaye.

Babban aikin shi ne bincike. Masu yi wa mayaƙan Zulu na 1879 ko Ansar ɗin Mahadi na Sudan fenti sukan tono littattafai da gidajen tarihi don gano launin garkuwa ko na facin riga. Irin wannan sani game da barden ƙasar Hausa yana nan da ransa a wurinmu. Duk hawan Sallah a Zariya ana ganin lifidi da sulke da kwalkwali, ana ganin tawagar hakimai daga sassan masarautar Zazzau, wadda Ikara da Maƙarfi da Kudan ke cikinta. Yaran waɗannan garuruwa kuma sun daɗe da iya dokin kara da dokin yumɓu. Malamin tarihi da ya haɗa su da dattijon da ya san kayan doki zai iya jera tafiyar Morland ta 1903 a kan teburin aji, ɗalibai su ƙirga da idonsu abin da igwa ke yi wa mahaya.