Paul Broca

Pierre Paul Broca (an haife shi ranar 28 ga watan Yuni, 1824, ya mutu ranar 9 ga watan Yuli, 1880) likitan tiyata ne ɗan ƙasar Faransa, kuma masanin ƙirar jikin ɗan Adam. An fi saninsa da gano cewa akwai wani wuri a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa da idan ya lalace mutum yakan kasa magana, ko da kuwa harshensa da maƙogwaronsa lafiya suke. Wannan wuri shi ake kira yankin Broca. Shi ne kuma ya raɗa wa wani sashe na can cikin ƙwaƙwalwa sunan limbik, wanda masana suka danganta da motsin rai bayan mutuwarsa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Broca a garin Sainte-Foy-la-Grande da ke kudu maso yammacin Faransa. Mahaifinsa likita ne da ya taɓa aiki a rundunar sojan Napoleon. Broca ya shiga makarantar koyon aikin likita ta birnin Paris yana da shekara 17, ya sami digirin dakta a 1849. Ya yi aiki a asibitoci da dama na Paris, daga baya ya zama farfesan tiyata. A farkon aikinsa ya yi bincike a kan ƙashi da guringuntsi da ciwon daji, kuma a 1856 ya wallafa littafi a kan kumburin jijiyoyin jini. A 1857 ya auri ’yar likita Jean Lugol. A 1859 ya kafa Ƙungiyar Nazarin Ɗan Adam ta Paris, inda daga baya ya gabatar da binciken da ya fito da sunansa.

Muhawara a kan ƙwaƙwalwa

A zamanin Broca masana sun rabu gida biyu. Likitan Jamus Franz Joseph Gall ya ce kowane aiki na tunani yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwa, amma ya ɓata hujjarsa da iƙirarin cewa ana iya gane halin mutum ta hanyar shafa tudun ƙoƙon kansa. Pierre Flourens kuma, bayan gwaje-gwaje a kan dabbobi, ya ce manyan ɓarin ƙwaƙwalwa biyu suna aiki ne a dunƙule. Jean-Baptiste Bouillaud ya daɗe yana cewa magana tana sashen gaba na ƙwaƙwalwa, kuma a farkon watan Afrilun 1861 surukinsa Ernest Auburtin ya kare wannan ra’ayi a taron ƙungiyar da Broca ya kafa. Abin da ya rage shi ne a sami hujjar da ido zai gani.

Leborgne da Lelong

Kwanaki kaɗan bayan haka aka kawo wani majinyaci mai suna Louis Victor Leborgne ɗakin Broca a asibitin Bicêtre, saboda ƙafarsa ta dama ta fara ruɓewa. Leborgne yana da shekara 51, kuma ya shafe shekara 21 a asibitin. Gaɓar kalma ɗaya tak yake iya furtawa, wato tan, har ta zame masa laƙabi. Yana fahimtar yawancin abin da ake faɗa masa, yana amsawa da alamar hannu da sauya murya. Idan ya fusata saboda ba a gane shi ba, ashar kan fito daga bakinsa daidai. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun shanye shekaru bayan ɗaukewar maganar.

Leborgne ya mutu ranar 17 ga watan Afrilu, 1861. Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa ya ga lahani a sashen gaba na ɓarin hagu, washegari ya nuna ta a taron ƙungiyar. Kafin shekarar ta ƙare ya gamu da wani tsoho ɗan shekara 84 mai suna Lelong, wanda kalmomi biyar kacal suka rage masa. Bayan mutuwarsa aka ga lahanin a kusan wuri ɗaya. Broca ya ci gaba da tara irin waɗannan misalai, har a 1865 ya bayyana cewa ɓarin hagu ne ke ɗauke da aikin furta magana a mafi yawan mutane. Wani likita, Marc Dax, ya riga ya rubuta irin wannan ra’ayi a 1836, amma bai yaɗu ba sai da ɗansa Gustave ya fito da rubutun.

Wannan bincike ya bayyana abin da ake yawan gani a wajen masu shanyewar ɓarin jiki. Jijiyoyin da ke kai umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa suna tsallakawa ɗaya gefen kafin su gangara cikin laka, saboda haka ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya gefen dama na jiki. Shi ya sa wanda damansa ya shanye ya fi fuskantar matsalar magana fiye da wanda hagunsa ya shanye. Likitoci suna kiran wannan matsala afasiya, sunan da Armand Trousseau ya ba ta a 1864. Mai ita bai haukace ba, sau da yawa yana sane da abin da yake son faɗa. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya gano wani wuri daban, can baya a ɓarin hagu, wanda lalacewarsa ke hana fahimtar magana.

Sashen limbik da motsin rai

A 1878 Broca ya yi bayanin wani zobe na nama da ya kewaye tsakiyar ƙwaƙwalwar mutum da ta sauran dabbobi masu shayarwa. Ya kira shi babban sashen limbik, daga kalmar Latin mai ma’anar gefe ko iyaka. Shi dai ya fi danganta shi da jin ƙamshi da wari. A 1937 ne masanin Amurka James Papez ya ce wannan yanki yana da hannu a motsin rai, sannan Paul MacLean ya faɗaɗa ra’ayin, ya kira shi tsarin limbik a 1952.

Littattafan farko na ilimin halayyar ɗan Adam suna koyar da wannan tsari har yau. A cikinsa akwai amigdala, wadda ke saurin lura da haɗari, da haifotalamas, wanda ke aika saƙo ta jijiyoyi har zuciya ta riƙa bugawa da sauri, gumi ya keto, idan mutum ya tsorata. Masana na yanzu suna ganin motsin rai bai taƙaita a wannan tsari kaɗai ba, domin sashen gaba na ƙwaƙwalwa ma yana taimakawa wajen danne fushi da auna abin tsoro.

Awon ƙoƙon kai da suka

Broca ya ba da lokaci mai yawa wajen auna ƙoƙunan kai da nauyin ƙwaƙwalwa, ya kuma ƙirƙiro kayan awo masu yawa. Daga alƙalumansa ya yanke cewa Turawa sun fi baƙar fata basira, maza kuma sun fi mata. Kimiyya ta yi watsi da wannan hukunci. A 1981 Stephen Jay Gould ya sake duba alƙaluman a littafinsa The Mismeasure of Man, inda ya yi hujjar cewa Broca ya riga ya yanke hukunci kafin ya fara awo, sannan ya riƙa fassara sakamakon yadda zai dace da shi.

Mutuwa da abin da ya bari

A farkon 1880 aka zaɓi Broca sanata na din-din-din a majalisar dattawan Faransa. Watanni kaɗan bayan haka ya mutu kwatsam a Paris yana da shekara 56. Sunansa yana cikin sunaye 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel.

Broca bai yanka ƙwaƙwalen Leborgne da Lelong ba, ya adana su yadda suke. Hakan ya ba Nina Dronkers da abokan aikinta damar ɗaukar hotonsu da na’urar MRI. Sakamakon da suka wallafa a 2007 ya nuna cewa lahanin ya shiga ciki fiye da abin da Broca ya gani daga waje, har ya taɓa jijiyoyin da ke haɗa yankin da wasu sassa. A yau masana kimiyyar harshe da likitocin ƙwaƙwalwa suna ɗaukar yankin Broca a matsayin ɗaya daga cikin wurare da dama da ke aiki tare wajen samar da magana.