Sultan Khan, Mutumin Ƙauye Da Ya Ka Da Capablanca

A duniyar darar Turawa, wadda ake kira ces, ba a manta da Sultan Khan ba. Mutumin Mitha Tiwana ne, a ƙasar Panjab. Darar Indiya ya fara koya wurin mahaifinsa, ita kuwa dokokinta dabam suke da na Turawa.

A 1928 ya ci gasar Indiya duka. Da shekara ta kewayo, ubangidansa Sir Umar Hayat Khan ya tafi da shi Ingila. Ga sanyi, ga yawan zazzaɓi, ga shi bai yi karatun littattafan dara ba. Duk da haka sau uku yana zama zakaran Birtaniya: 1929, 1932 da 1933.

Babbar ranarsa ita ce ta gasar Hastings a ƙarshen 1930, inda ya gamu da Capablanca na Kyuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, mutumin da ba kasafai ake cinsa ba. Sultan Khan ya ba da sarauniyarsa, ya cinye hasumiya biyu. Daga nan ya yi ta matsa shi sannu a hankali, har Capablanca ya sallama bayan Sultan Khan ya yi tafiyarsa ta 65. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A ƙarshen 1933 ya koma gida ya kama noma, ya bar manyan gasa ke nan. Tarin fuka ya yi ajalinsa a Pakistan a 1966. Sai a 2024 hukumar dara ta duniya, FIDE, ta ba shi muƙamin babban gwani. Allah ya jiƙansa.