Bernard Fagg, Baturen da Ya Tono Tarihin Nok

Duk wanda ya zauna ajin Tarihi a cikinmu ba zai manta da hoton nan na kan mutum-mutumi mai idanu masu kusurwa uku ba, wanda malamai suka sa muka haddace sunansa saboda jarrabawa, wato Nok. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mutumin da ya sa duniya ta san wannan suna. Shi ne marigayi Bernard Fagg.

An haife shi a Landan ranar 8 ga Disamba, 1915. Mahaifinsa mai sayar da tsofaffin littattafai ne, saboda haka ya tashi a gidan da ake girmama tsohon abu. Wansa William shi ma ya shahara wajen nazarin sassaƙe-sassaƙen Afirka. Bernard ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, sa'an nan a 1939 ya zo Nijeriya a matsayin jami'in mulkin Turawa, aka tura shi Jos.

A wancan zamani Jos garin kuza ce. Leburori na ta haƙa suna wanke ƙasa, kuma tun 1928 an tsinci wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a ramin kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta Jihar Kaduna ta yanzu. An ajiye shi ba tare da an san darajarsa ba. Wajen 1943 aka sake tono wani kai babba a Jama'a, wanda ya same shi ya kafa shi a gonar doya don tsorata masu ɓarna. Da aka kai wa Fagg, sai ya lura kamanninsa ɗaya da na Nok: idanu iri ɗaya, ƙwayar ido a huje, ga kitso na gwaninta. Nan ya gane cewa ba aikin mutum ɗaya ba ne, aikin al'umma ce da ta shuɗe.

Daga nan ya shiga bin sansanonin kuza yana roƙon masu haƙa su daina fasa abin da suka tono, su riƙa ajiye masa. Ya kamata mu tuna cewa hannuwan waɗannan leburori, waɗanda tarihi bai riƙe sunayen yawancinsu ba, su ne suka fito da akasarin kayan. Shi kuwa ya tattara, ya gwada wannan da wancan, ya raɗa wa al'adar sunan ƙauyen Nok. Ba sunan da mutanen suke kiran kansu ba ne, domin ba su bar rubutu ba.

Wannan aiki yana da nauyi, saboda a 1910 wani Bajamushe mai suna Leo Frobenius ya ga kawunan Ife, ya ɗauka baƙi ne daga wata duniya suka kawo irin wannan fasaha. Turawa da dama sun yi imani baƙar fata ba shi da tarihi kafin zuwansu. To, sai ga hujja daga cikin ƙasarmu. Sai dai akwai matsala. Ruwa ne ya kwaso kayan ramukan kuza ya jibge su, saboda haka da wuya a faɗi shekarunsu da tabbaci. Dole sai an sami wurin da mutanen suka zauna, wanda ba a hargitsa ba.

An sami irin wannan wuri a Taruga, kusa da Abuja ta yau, inda Fagg ya yi haƙa a shekarun 1960. Can ya tarar da mutum-mutumin yumɓu tare da muraka na narkar da tama. Da aka auna gawayin wurin ta hanyar kimiyya, sai ya nuna ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ke nan mutanen wannan yanki suna narkar da ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Bai tsaya ga Nok kaɗai ba. Ya yi haƙa a kogon Rop a 1944, ya kuma nazarci zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa. A 1947 ya koma Sashen Kayan Tarihi, a 1952 ya buɗe Gidan Kayan Tarihi na Jos don kowa ya shiga ya gani, a 1957 kuma ya gaji Kenneth Murray a shugabancin sashen. A 1963 ya karɓi shugabancin gidan kayan tarihi na Pitt Rivers a Okusfod, ya riƙe har 1975. Littafinsa a kan kayan Nok ya fito a 1977. Ya rasu ranar 14 ga Agusta, 1987. 'Yarsa Angela ta bi sawunsa a wannan fanni.

Ilmi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Masana daga Jami'ar Farankfot ta Jamus, tare da takwarorinsu na Nijeriya, sun fara sabon bincike a 2005, suka gano cewa tushen al'adar Nok ya kai wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi abin da Fagg ya ƙiyasta nesa ba kusa ba.

Abin takaici, a shekarun 1990 'yan kasuwar bayan fage sun sa an farfasa wuraren Nok masu yawa, aka yi fasa-ƙwaurin kayan zuwa Turai. Kan da aka tono ba tare da an rubuta inda yake kwance da abin da ke kewaye da shi ba, ya zama kayan ado kawai, labarinsa ya tafi har abada.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai hakimai, akwai malamai, akwai manoma da 'yan kwangila. Wata rana fartanya ko motar haƙa za ta ci karo da irin wannan kaya a gabanmu. A bar shi inda yake, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Wanda kuma hanya ta bi da shi Jos, ya ɗauki yara ya kai su su gani da idonsu.