Charles Dickens, Ɗan Akawu Wanda Ya Zama Babban Marubucin Ingila

An haifi Charles Dickens ran 7 ga watan Fabrairu, 1812, a Portsmouth, wani garin gaɓar teku a Ingila. Ubansa akawu ne a ofishin biyan mayaƙan ruwa, mutum mai fara'a, amma kashe kuɗinsa ya fi albashinsa. A 1824 bashi ya sa aka kulle shi a kurkukun Marshalsea a London. Charles, yana ɗan shekara 12, aka sa shi aiki a wani gidan da ake yin man goge takalma, yana manna takardu a jikin kwalabe, ladansa sule shida a mako. Wannan wulaƙanci ya ɓoye wa jama'a shi duk rayuwarsa, sai bayan ya mutu abokinsa John Forster ya bayyana.

Da aka saki uban, yaron ya koma makaranta. Yana shekara 15 ya zama akawun lauya, sa'an nan ya koyi rubutun sauri, ya riƙa ɗauko wa jaridu muhawarar Majalisar Dokoki. A 1836 ya fara fid da Pickwick Papers kashi-kashi, kowane wata sule ɗaya, nan da nan sunansa ya game ƙasa.

Wanda ya san ƙuruciyarsa ya sami mabuɗin littattafansa. A Oliver Twist ya tona yadda ake azabtar da marayu a gidajen matalauta. A David Copperfield ya zana ubansa cikin siffar Micawber, maci bashi mai dogon buri. Bleak House labarin shari'ar gado ce wadda aka yi ta ja, har kuɗin shari'a suka cinye gadon ƙaf. A Little Dorrit kuwa ya koma kurkukun nan da ubansa ya zauna, ya kuma kwatanta wani ofishin gwamnati inda ake tura mai buƙata daga wannan tebur zuwa wancan har ya gaji ya bari. Ya kamata kowane ma'aikaci ya karanta wannan babi, ya auna kansa.

Duk da haka ba a rasa shi da aibi ba. Masana sun ce labarunsa sun cika tsawo, mutanen kirkinsa kuma sun faye tsarki. A gida ma ya rabu da matarsa Catherine a 1858, bayan ta haifa masa 'ya'ya goma, ya kuwa ƙuntata mata.

Ya mutu ran 9 ga watan Yuni, 1870, yana da shekara 58, aka binne shi a Westminster Abbey tare da manyan ƙasa. Malamin da zai karanta wa almajiransa Dickens, ya fara ba su labarin yaron nan mai manna takardu. In sun ji shi, sauran ba zai yi musu wuya ba.