Richard Lazarus: Masanin Damuwa da Hanyoyin Jure Ciwo

Gabatarwa

Sau da yawa akan sami mutum biyu masu fama da ciwo iri ɗaya, kamar ciwon suga ko hawan jini, amma ɗaya ya ci gaba da harkokinsa, ɗayan kuwa ya karaya. Neman dalilin wannan bambanci shi ne aikin da Richard Lazarus, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Amurka, ya shafe rayuwarsa yana yi.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Lazarus a birnin New York ranar 3 ga Maris, 1922. Ya sami digirinsa na farko a kwalejin birnin a 1942, sannan ya yi aikin soja a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya koma karatu, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Pittsburgh a 1948. Ya koyar a Jami'ar Johns Hopkins da Jami'ar Clark, kafin ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1957, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1991.

Bincikensa

A zamanin da ya fara aiki, ra'ayin da ya fi rinjaye a fagensa shi ne cewa halayyar mutum martani ce kawai ga abin da ya same shi daga waje, don haka ba a damu da abin da ke cikin zuciyarsa ba. Lazarus bai yarda da haka ba, kuma ya nemi hujja. A wani gwaji da aka wallafa a 1964, shi da abokan aikinsa sun nuna wa mutane fim ɗin wata kaciyar gargajiya mai zafi, suna auna bugun zuciyarsu da zufar fatarsu. Fim ɗin ɗaya ne, amma sharhin da aka ɗora masa ya bambanta: wani yana jaddada azabar, wani yana rage ta, wani kuma yana bayani cikin sanyin murya irin ta masu nazari. Waɗanda suka ji sharhin azaba sun fi nuna tashin hankali. Wato ke nan, fassarar da mutum ya yi wa abu tana da hannu a nauyin da zai ji.

A kan wannan ne ya gina ra'ayinsa, wanda ya cika a littafin da ya rubuta tare da ɗalibarsa Susan Folkman a 1984, mai suna Stress, Appraisal, and Coping. Sun bayyana cewa mutum yakan auna duk abin da ya same shi ta fuska biyu. Da farko yakan duba ko abin barazana ne gare shi. Daga nan sai ya duba abin da yake da shi na tunkararsa, kamar ilimi da kuɗi da 'yan'uwa. Damuwa takan yi tsanani idan ya ga matsalar ta fi ƙarfin abin da ke hannunsa.

Haka kuma sun kasa juriya gida biyu. Akwai wadda ke fuskantar matsalar kanta, kamar shan magani a kan kari da kiyaye abinci. Akwai kuma wadda ke lallashin zuciya, kamar addu'a da hira da masoya. Lazarus bai fifita ɗaya a kan ɗaya ba, domin dacewar kowace ta dogara ne ga hali da lokaci. Misali, wani bincike da ya yi da Frances Cohen a 1973 ya nuna cewa marasa lafiyar da suka kau da kai daga tunanin tiyatar da za a yi musu sun fi saurin murmurewa a kan masu yawan bin diddigi. Amma irin wannan kau da kai yakan zama haɗari idan ya hana mutum zuwa asibiti da wuri.

Rasuwarsa

Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta karrama shi a 1989. Bai daina rubutu ba bayan ritaya, har ma ya yi littattafai tare da matarsa Bernice. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamba, 2002, sakamakon faɗuwar da ya yi a gida, yana da shekara 80.

Kammalawa

Malamin gobe ba zai rasa ɗalibi mai sikila ko asma ko farfaɗiya a ajinsa ba. Warkar da ciwon ba aikinsa ba ne, amma kalamansa suna cikin abubuwan da yaron zai auna kansa da su. Malamin da ya mayar da yaro abin tausayi ko abin tsoro ya ƙara masa nauyi. Wanda kuwa ya taimaka masa ya cike darasin da ya wuce shi, ya kuma hana 'yan aji tsangwamarsa, ya ƙara masa abin tunkarar ciwon. Wannan shi ne darasin da aikin Lazarus ya bar wa masu koyarwa.