William Grant

William Grant (19 ga Disamba, 1839 – 5 ga Janairu, 1923) ɗan kasuwa ne ɗan ƙasar Sukotland, wanda ya kafa masana'antar wuski ta Glenfiddich. Sunan ya fito ne daga harshen Gelik, ma'anarsa kwarin barewa.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin Dufftown. Ya yi kiwon shanu yana yaro, ya koyi ɗinkin takalma. A 1866 ya samu aikin akawu a masana'antar Mortlach, inda ya shekara ashirin har ya zama manaja.

Glenfiddich

A 1886 ya ajiye aikin, ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi tsofaffin tukwanen tagulla daga Cardhu. Shi da 'ya'yansa tara suka yi ginin da hannunsu. Wuskin farko ya ɗigo ranar Kirsimetin 1887. Ya ƙara gina Balvenie a 1892.

Irin wannan barasar ita ake kira single malt, wato wadda aka yi da tsiron sha'ir zalla a masana'anta guda. Ta yankinsa, Speyside, ƙanshin 'ya'yan itace gare ta. Ta tsibirin Islay kuwa hayaƙi take bugawa, domin da hayaƙin ƙasar fadama ake busar da tsiron.

A zamaninsa masu gauraya wuski ne manyan masu saye. Da babban kamfaninsu, Pattisons, ya karye a 1898, sai Grant ya koma gauraya nasa. Sai a 1963, shekara 40 bayan mutuwarsa, zuriyarsa suka fara tallata Glenfiddich zalla a ƙasashen waje.