Dakta Denis Burkitt, Likita Mai Ido Ɗaya Da Ya Gano Ciwon Muƙamuƙin Yara

Jama'armu da ke zaune a Agege, da Idi-Araba, da Obalende, ba a rasa wanda ya taɓa ganin yaro da kumburarren kumatu, haƙoransa suna girgiɗi, wani lokaci har idonsa ya turo waje. Wasu su ce hangum ne, wasu su ce ciwon haƙori, wasu kuma su ce jifa aka yi masa. Sau da yawa kuwa wata irin sankara ce, watau ciwon daji, wadda likitocin duniya ke kira da sunan mutumin da ya bayyana ta, Dakta Denis Burkitt.

An haifi Burkitt ran 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen na Ailan ta Arewa. Ubansa injiniya ne, amma abin da ya fi sha'awa shi ne lura da tsuntsaye. Yakan sa musu zobe a ƙafa don ya san inda kowanne ke yawo, ya kuma zana a taswira. Wannan hali na haƙuri da kiyaye lissafi shi ɗan ya gada. Yana ɗan shekara 11 ya yi hatsari ya rasa idonsa na dama. A 1929 ya shiga jami'a a Dabilin don koyon aikin injiniya, sa'an nan ya sake shawara ya koma likitanci, ya gama a 1935. A 1938 ya sami takardar ƙwarewa a aikin fiɗa daga Edinbara.

Shi mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, burinsa kuwa ya yi aiki inda likitoci suka yi ƙaranci. Da farko an ƙi ɗaukarsa aikin ƙasashen mulkin mallaka. Sai da ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu tukuna, a 1946 aka tura shi Yuganda, daga bisani ya zauna a babban asibitin Mulago da ke Kampala.

A 1957 wani abokin aikinsa, Dakta Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Burkitt bai taɓa ganin irin haka ba, wuƙar fiɗa kuma ba ta da abin yi a nan. Bayan 'yan makonni ya ga wani yaron mai irin wannan kumburi a asibitin Jinja, shi kuma har da ƙari a ciki. Da wani ne sai ya ce tsautsayi ne ya wuce. Shi kuwa ya koma ya tone tsofaffin takardun asibiti, ya ga ashe yaran da ake rubuta wa ciwon muƙamuƙi, da na ƙoda, da na ido, duk cuta ɗaya ke kashe su. A 1958 ya buga bayani a kan yara 38, amma kusan ba wanda ya kula. Daga baya masu binciken tsoka da madubin likita suka tabbatar sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini, dangin wadda ke kama kaluluwa.

To, a nan ne likitan fiɗa ya zama mai bincike. Da taimakon kuɗin da bai wuce fam 25 ba, ya buga takardu masu hotunan yaran, ya aika wa asibitoci ko'ina cikin Afirka yana tambaya ko suna ganin irin wannan. Duk inda aka amsa sai ya kafa allura a taswira. A Oktoba 1961 shi da likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi mako 10 suna tafiya, suka ci mil 10,000, suka ziyarci asibitoci fiye da 50 a gabas da kudancin Afirka. Suka gano cewa cutar ba ta hawa tuddai masu sanyi.

Bayan haka ya zo Afirka ta Yamma, a nan kuwa Nijeriya ta ba shi sauran amsar. A Kurmi, inda ruwan sama ke da yawa, cutar ta yi yawa. A wajen Kano kuwa, duk da tarin jama'a, kaɗan ake gani a lokacin. Ashe ke nan cutar tana son zafi da laima, ba ta cika zama inda ruwan shekara bai kai inci 20 ba. Wurin zafi da laima kuwa kowa ya san gidan sauro ne.

A Maris 1961 Burkitt ya yi lacca a wani asibiti a Landan. Cikin masu sauraro akwai Dakta Anthony Epstein, wanda ya roƙe shi ya riƙa aiko masa da yankin ƙarin ta jirgin sama. A 1964 Epstein da abokan aikinsa biyu, Yvonne Barr da Bert Achong, suka gano wata ƙwayar cuta a ciki, ita ce ta farko da aka sani tana jawo sankara ga ɗan Adam. Yau an san yawancin mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya ba tare da wata illa ba. Sai in zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kada yaro, garkuwar jikinsa ta raunana, sa'an nan take samun ƙofa.

Babban abin farin ciki shi ne magani. Da yake fiɗa ba ta warkarwa, Yuganda kuma ba ta da na'urar gashi a lokacin, Burkitt ya roƙi kamfanoni suka ba shi magungunan sankara kyauta. Sai ga ƙari yana narkewa cikin 'yan kwanaki, yara da dama suka warke sarai. A Asibitin Koyarwa na Badun, Dakta Victor Anomah Ngu, mutumin Kamaru, ya yi irin wannan aiki ga yaran Nijeriya. A 1972 su biyun suna cikin waɗanda aka ba lambar Lasker, ɗaya daga cikin manyan lambobin likitanci na Amurka.

Ya koma Ingila a 1966, amma bai huta ba. Ya lura cewa sankarar hanji, da basir, da taurin bayan gida sun yi yawa ga Turawa, sun yi ƙaranci ga ƙauyawan Afirka. Ya ɗora laifin a kan cin garin da aka cire wa dusa. Sauran rayuwarsa ya yi ta yana jan hankalin mutane su ci hatsi da dusarsa, da wake, da ganye. Ya rasu ran 23 ga Maris, 1993, yana da shekara 82.

Saura namu. Wannan cuta ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata, tana kuwa da saurin girma ƙwarai, don ƙarin kan iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ana ganinta a asibitocin Zariya da Kano ma, balle mu da muke renon 'ya'ya a bakin ruwan Ikko. Idan kumatun yaro ya kumbura ba ciwo sosai, haƙora suka soma girgiɗi, ko cikinsa ya soma tasowa, kada a kai shi wurin wanzami a yi masa sakiya ko a cire haƙori, kada kuma a jira sai an koma gida. A garzaya da shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko da ke nan Idi-Araba. A kuma riƙa kwantar da yara cikin gidan sauro. Allah Ya tsare mana zuriya, amin.